Injin Babbakar Kawu Sallau

Duk wanda ya taɓa jerawa da Kawu Sallau a titi ya san ba a tafiya da shi a miƙe. Kuna cikin hira, ya kawo ka tsakiyar labari, sai ka waiga ka ga babu shi. Yana can baya a tsugune a bakin kwata, ya tsinci gashin tsuntsu yana hure masa ƙura. Zai ɗaga shi sama ya duba, ya shafa shi da babban yatsa, sannan ko dai ya soke shi a gefen hularsa, ko ya yar da shi ya ja tsaki ya ce, "Wannan tattabarar chips kawai take ci." Kai jama'a! Mutum da furfurarsa da kwat ɗinsa, a tsakiyar High Road ta Tottenham, Turawa suna kauce masa.

Ku da kuka yi zamani da shi kun san kwandasta ne a jan bas ɗin nan mai bene da ake hawa ta baya. Direbansa ya rantse mana cewa wata rana Kawu ya danna ƙararrawa a inda babu tasha, ya dire ya ruga bakin wani lambu, ya dawo da gashin dinya a hannu yana haki. Da direban ya tambaye shi lafiya, sai ya ce, "Emergency. Drive on."

Ni Binta, 'yar ƙanwarsa ce. Na zo London karatun nas a farkon shekarun tamanin, aka sauke ni a flat ɗinsu na council, hawa na huɗu, shi da matarsa Inna Asabe. Tun ranar da na sa farar riga bai sake kirana da sunana ba, sai Malama Nas.

Gidanmu a ƙasar Ningi gidan maharba ne. Kawu ya bar baka tun yana saurayi, bai sake taɓa tsarkiya ba sai da wata Lahadi ya hango wasu tsofaffin Turawa daga saman bas suna harbin kibau a filin bayan wata makaranta. Sati bai zagayo ba ya shiga kulob ɗinsu, ya kuma naɗa wa kansa sarauta: Sarkin Bakan Tottenham da Kewaye. A can ya koyi yadda suke manna gashi uku a gindin kibiya don ta tafi a miƙe. Da farko da almakashin ɗinkin Inna Asabe yake daidaita gashin, har ta gaji ta riƙa ɓoye shi a cikin buhun shinkafa. Ana nan sai ya ga wani inji a gidan wani ɗan kulob. Ɗan akwati ne na ƙarfe, da siririyar waya a samansa wadda ake lanƙwasawa yadda ake son gashin ya fito. In an kunna sai wayar ta yi ja zur, ka ɗora kibiya ka juya a hankali, ta ƙone duk abin da ya yi yawa, gashin ukun su fito kamar tare aka haife su.

Ya dawo gida ba shi da zance sai na injin babbaka, don haka ya raɗa masa suna. Na ce, "To Kawu, ai sai ka yi order sabo."

Ya dube ni kamar na zagi kakanmu. "Sabo? Malama Nas, ni da sabo sai likkafani."

Gaskiya ya faɗa. Kujerunmu, labulenmu, agogon bangonmu da ke gudu kamar ana bin sa, duk gwanjo ne. Kome lalacewar abu, Kawu zai juya shi ya ƙwanƙwasa ya ce, "Da sauransa." Haka muka yi ta bin kasuwannin nan na safiyar Lahadi da Turawa ke buɗe but ɗin mota su baje tarkacensu, ni ce direba da yake shi bai taɓa yarda ya koyi tuƙi ba. Muka sha sanyi har ƙashi. Sai wata rana can wajen gari, a tsakanin tsofaffin takalma da kofuna marasa mariƙi, Kawu ya tsaya cak ya damƙi hannuna.

"Kar ki kalle shi," ya ce a hankali. "In ta ga muna so, shi ke nan."

Mai kayan wata dattijuwa ce, ta ce na mijinta ne da ya rasu, Ba'amurke, ita ba ta ma san amfaninsa ba. Kawu ya yi ta taya wani tsohon buroshi da ba ya so, har matar ta gaji ta haɗa masa da injin don ya tafi. A mota ya rungume shi a cinya kamar jariri. Na lura kan soket ɗinsa ba irin namu ba ne, ƙafa biyu ne falle-falle. Na ce, "Kawu, ka bari Mista Bulus ya duba shi." Mista Bulus kuwa amininsa ne, mutumin Pankshin, mai gyaran lif.

"Wuta ai wuta ce," in ji Kawu. "Ta Amurka daga wata rana daban ake ɗebo ta?"

Muna isa ya datse kan, ya ɗaura na tsohon ayan ɗin guga. Ya shimfiɗa jarida a teburin falo, ya kira Inna Asabe daga kicin ta zo ta ga ikon Allah, ya sunkuya daf da wayar, ya yi bisimilla ya danna. Wayar ta yi fari fat, muka ji fau! Talabijin ta mutu, firji ya yi shiru, tuwon da ke kan murhun lantarki ya tsaya a rabin tuƙi. Da hayaƙi ya washe sai ga Kawu a zaune ƙiƙam, girarsa ta hagu babu ita, ta dama tana nan lafiya lau.

Inna Asabe ta ƙare masa kallo, muciya a hannu, ta ce, "To Malam, inji dai yana aiki. Juyo ɗaya gefen ya daidaita maka."

Mista Bulus ya zo da yamma, ya yi dariya har ya riƙe ƙofa. Ya ce wutar Amurka rabin ta nan ce, a kai abin bola kawai. Kawu ya shafa inda gira take a da, ya ce, "Bulus, buɗe shi. Da sauransa." Aka buɗe, abin haushi kuma ya yi gaskiya, ɗan fis ne na ciki ya ƙone sai wayar sama. Wayar kuwa bai sayi sabuwa ba, ya farke wani mataccen tosta na gasa burodi ya zaro ta ciki. Sannan suka samo wata tsohuwar taransifoma rawaya irin ta magina da za ta rage ƙarfin wutar, mai nauyin buhun gero. Ranar da aka kawo ta lif ɗin gininmu ya lalace kamar kullum, su biyu suka kinkimo ta ta matakala, Kawu yana nishi yana cewa, "Ka ga amfanin abota da mai gyaran lif ke nan."

Inji ya tashi, kuma wallahi aikinsa da kyau. Amma babu wanda ya gaya mana zancen ƙauri. Ku tuna babbakar kawuna da ƙafafu ranar Babbar Sallah, ku tattara ta unguwa guda ku cusa a falo ɗaya da tagogi a rufe. Ya shiga labule, ya shiga burodi, ya shiga farar rigata har wata majiyyaciya ta tambaye ni ko gobara muka yi. Inna Asabe ta fito da kaskon turaren wuta don ta kore shi, sai suka haɗu suka ba da wani wari na uku da ba shi da suna.

Wanda ya fara ƙwanƙwasa mana ƙofa Alhaji Issaka ne na hawa na biyu, mutumin zangon Kumasi. Ya zo da kwano a hannu, ransa a ɓace.

"Sallau, haka ake zama? Ka yanka rago ba ka kira ni ba? Mata na ya ce tun safe yana jin kanshi na kai da kafa."

Kawu ya ja shi ciki ya nuna masa kibau a jere. Alhaji ya dubi kibau, ya dubi kwanonsa, ya ce, "To nama na tsuntsu ɗin fa, ina ka kai shi?"

Ta biyu ba ta zo da kwano ba. Misis Doreen ce, tsohuwar da ke ƙofa da ƙofa da mu, wadda ta riga kowa shiga ginin. Ta zo da wani jami'in council mai jan hanci. Kawu ya tarbe su da fara'a, ya ce maganar wari sharri ne, su zauna ya gwada musu su gani da idonsu. Na yi masa ido, Inna ta yi masa ido, ina! Ya ɗora kibiya ya juya. Kafin ya kai gashi na biyu jami'in ya kai baranda yana tari. Daga can ya faɗi abin da ya kawo shi: in aka sake kai ƙara, to zamanmu a flat ɗin sai an sake dubawa.

Ranar ban ga dariya a fuskar Inna Asabe ba. Ta ɗauko baƙar leda ta zura injin a ciki, ta ajiye a bakin ƙofa.

"Malam," ta ce, "na zauna da kai a ɗaki ɗaya a Peckham, bango yana tsatsar ruwa, banɗaki a tsakar gida. Ban taɓa ce maka uffan ba. Amma ba zan koma can saboda gashin kaza ba."

Kawu ya ɗauki ledar ya fita. Muka ɗauka bola ya nufa. Da na leƙa ta taga sai na hango shi a kan bencin ƙasa, ledar a cinyarsa, ana yayyafi, yana kallon kwandon shara ya kasa tashi. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa! Sai a lokacin na gane ba wasa yake yi da kibau ɗin nan ba. Duk London babu abin da ya rage masa na gidan ubansa sai su.

Ashe Misis Doreen ma tana tata tagar. Can sai ga ta ta sauka da lema da sandarta, ta tsaya a kansa. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga ta miƙa masa wani abu. Makullin garejin mijinta marigayi ne a bayan gini, da wuta a ciki, nesa da hancin kowa. Sharaɗinta ɗaya, ya riƙa ɗauko mata kayan cefane in lif ya mutu, wato kullum. Kawu ya hawo yana kaɗa makulli, ruwa yana ɗiga daga hularsa.

Inna ta ce, "Tsohuwar da ka ce mayya ce?"

Ya ce, "Asabe, na yi kuskure. Tsohuwar nan, da sauranta!"

Daga nan gareji ya zama fadarsa. Abin da ya rage shi ne gashi, don na tattabara bai isa kibiya ba, sai na fiffiken talotalo. Kuma a cewarsa ba a haɗa na fiffiken hagu da na dama a kibiya ɗaya, in an haɗa sai ta rasa inda za ta juya. Shi ɗan hagu ne, bai san dalili ba, amma a kan haka zai mutu. Ana gab da Kirsimeti ya sa na kai shi wata gonar talotalo a Essex. Manomin yana tsakiyar aiki, jini har gwiwar hannu, Kawu ya gaishe shi da ladabi ya ce gashin fiffike yake so, amma na hagu zalla. Mutumin ya dube shi ya ce talotalonsa duk da fiffike biyu suke zuwa, ya nuna masa buhuna a jikin katanga ya ce ya kwashe duka ko ya bar masa gona. Kyauta fa! Kawu ya cika but da kujerar baya har ba na ganin madubi.

Ranar Kirsimeti Mista Bulus da matarsa suka zo mana da shinkafa da kaza kamar yadda suka saba kowace shekara, cikin kayan coci. Suka tarar an zazzage buhu a tsakar falo, ni da Inna da Alhaji Issaka muna zaune a ƙasa muna tsinta. Kawu yana tsaye a kanmu kamar mai duba jarrabawa.

"Hagu nan, dama can. Madam Bulus, zauna, hannu ya yi mana kaɗan."

Haka matar nan ta zauna da ashobinta da ɗankwalinta mai tsini tana ware gashi. Da aka gama aka tara na dama tuli guda, Alhaji Issaka ya ce to wannan a kai bola ke nan. Kawu ya zaro ido. A ranar Inna Asabe ta samu sababbin matasan kujera, waɗanda duk wanda ya zauna a kai sai ƙarar gashi ta soke shi. Ku da kuka taɓa tsalle daga kujerar falon nan, yau kun ji dalili.

Amma wanda na fi tunawa shi ne zuwanmu gida a farkon shekarun casa'in. Kawu ya daɗe bai je ba. Wata da watanni yana gareji yana shirya wa yayansa, Kawu Garba, tsarabar kibau. Ya zaɓi gashin da ya fi kowane, ya rina shi da kalar girkin Inna, ja da rawaya, ya babbake shi a tsanake. Kawu Garba shi ne maharbin gaske na gidanmu, lokacin ya tsufa, idonsa ya yi hazo. Muka same shi a gindin tsamiyar ƙofar gida. Kawu Sallau ya tsuguna, ya kwance tsarabar ya miƙa da hannu biyu.

Tsohon ya zaro ɗaya, ya bi ta da yatsu tun daga tsini. Ya gyaɗa kai. Da ya iso gindi sai ya tsaya.

"Sallau."

"Na'am, Yaya."

"Wannan kibiya ce ko ɗan tsako?"

Ashe kibiyar ƙasarmu tun kaka da kakanni ba a sa mata gashi, kyauro ne da ƙarfe kawai. Kawu ya gyara tsuguno ya fara bayani, ya ce gashin nan shi ke miƙar da ita a iska, akwai ma inji na musamman daga Amurka.

"Gashi ke miƙar da ita," in ji Kawu Garba. "To hannunka aikin me yake yi?"

Muna kallo ya kama gashin nan ya fige, tsit, tsit, tsit, kamar mai gyaran kaza. Aikin watanni! Na kasa duban Kawu Sallau. Tsohon ya ɗauki gashi guda daga cikin waɗanda ya fige, ya murza shi, ya zura a kunne ya lumshe ido. Can ya ce, "Amma fa Turawan nan sun iya gashi. Ya fi na zabo shiga."

Kawu Sallau ya faɗi zaune a ƙasa yana dariya har da hawaye, tsohon ma ya kama, har mata suka fito leƙe. Da la'asar suka sa aka jingina tsohuwar ƙwarya a jikin rumbu, suka ɗauko bakan ubansu, wannan ya harba figaggiya, wancan ya harba mai gashi. Babu wanda ya samu ƙwaryar. Kaji dai sun watse. Suka haɗu a kan cewa iska ce. Ranar da za mu taho na shiga yi wa Kawu Garba sallama, sai na ga kibiya ɗaya da bai fige ba, ja da rawaya, a soke a jinkar ɗakinsa daidai inda yake kwanciya. Ya ce kar in gaya wa Sallau, kansa zai kumbura. A jirgi na gaya masa. Ya juya yana kallon taga har aka kawo abinci.

Ba su sake ganawa ba. Kawu Garba ya rasu da daminar da ta biyo baya, Kawu Sallau kuma ya bi shi ƙarshen shekarun casa'in, cikin hunturu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Kun tuna yadda falon nan ya cika ranar uku. Abin da wasunku ba su gani ba shi ne zuwan 'yan kulob ɗinsa da rana, tsofaffi maza da mata cikin baƙaƙen kwat. Suka tuɓe takalma, suka zauna a ƙasa gwiwoyi suna ƙara, aka ba su kunu suka sha don kunya. Na ce musu mun gode, mun san sun yi rashin gwaninsu, don kullum Lahadi Kawu yakan dawo ya ce yau ma ya koya wa Turawa hankali.

Suka dubi juna. Babbansu, wani dogo mai rawar murya, ya yi gyaran murya ya ce gaskiya duk shekarun nan Kawu bai taɓa cin gasa ba, ko ta ƙarshe in ya kuɓuta sai an yi masa tafi. Har shingen makarantar sai da aka ƙara wa tsawo saboda shi. Amma ya ce in aka buɗe kwarin kowa a kulob ɗin, kibau ɗin da ke ciki Kawu ne ya gyara musu gashi, kuma ba su san yadda filin zai yi musu ranar Lahadi ba.

Na waiga wajen Inna Asabe a tsorace. Sai na ga kafaɗunta suna rawa a cikin mayafi, tana dariya hawaye suna zuba.

"Na sani," ta ce. "Tun a gida haka yake. Ko akuya a ɗaure ba ya samu. Ni dai ban taɓa gaya masa na sani ba."

Allah Sarki, Kawu. Ka sa mu dariya a ƙasar da dariya take da wuya, ka riƙe ni kamar kai ka haife ni, ka mai da maƙwabta dangi. Ya Allah, ga bawanKa Sallau nan ya zo, baƙo ne da ya kwanta nesa da gida. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da yayansa a inuwar da ba ta gushewa. Ranar ƙetare siraɗi kuma, ya Rabbi, wannan karon Ka sa ya tafi a miƙe, ya samu. Amin.